Daga Dandali Zuwa Dandamali: Waye Ya Tsara Rawar Gargajiya?

Ana saura mako uku Babbar Sallah aka ɗora mini nauyin shirya rawar da za mu nuna a daren bikinmu a Al Wukair, kudu da Doha. Da na jera samari takwas sahu biyu suna fuskantar kujerun baƙi, sai wani ɗan uwa ya ce, "Malam, wannan ai ba rawar Hausa ba ce, ka ɓata al'ada." Maganar ta tsaya mini a rai, har ta sa na koma bin tarihi.

Yana da gaskiyarsa. A da, dandali ne gidan rawa. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, samari su zagaya da sanduna suna taƙai, makaɗi na tsakiya. Babu gaba, babu baya, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. Lokacinta kuwa kaka ce, ko biki, ko Sallah, ba a kuma duba agogo.

Abin ya sauya bayan yaƙin basasar Nijeriya. Daga 1970 gwamnati ta fara bukukuwan al'adu na ƙasa don haɗa kan jama'a, aka yi na 1972 a Kaduna, sannan FESTAC a 1977. Kowace jiha sai ta kawo tawaga, a ba ta 'yan mintoci a gaban alƙalai. Dole aka buɗe da'ira ta koma sahu, aka ƙirga taku, aka tsara shiga da fita. A wannan zamani ne rawar Koroso ta bayyana a Kano. An tsinto salonta daga raye-rayen Hausawa da Fulani, aka haɗa 'yan rawa bibbiyu, ta kuma ci sunan kacau-kacau ɗin da suke ɗaurawa a ƙafa. Daga baya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, ta riƙe ta. A Nijar ma haka aka yi: bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da Samariya, tawagogin jihohi suka riƙa gasar rawa a bikin matasa na ƙasa.

Ashe ke nan rawar da muke bugun ƙirji da ita a matsayin gadon kaka da kakanni, wasu ne suka zauna suka tsara ta. Sai dai sun san tushen kowane taku kafin su taɓa shi. Masu masaukinmu ma haka suke: duk 18 ga Disamba suna yin Arda da takubba, sahu biyu, har yara sun san asalinta rawar yaƙi ce.

Da na kai wa ɗan uwan nan wannan bayani, sai muka raba gardama. Muka fara taƙai a da'ira kamar a dandali, sannan muka buɗe ta muka fuskanci baƙi, shi kuma ya ɗauki lasifika ya bayyana asalin rawar kafin a buga ganga.

Shawarata ga duk wanda aka ba irin wannan aiki ita ce, ya tsara ba tare da fargaba ba, amma ya fara tambayar manya inda takun ya fito. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya maimaita mana.