Yadda na'urar ILS take jagorantar jirgin sama wajen sauka cikin hazo

A lokacin hunturu, idan hazo ya rufe sararin samaniya, matuƙin jirgin sama yakan kasa hango hanyar sauka sai ya zo daf da ita. A irin wannan yanayi, yana dogara ne da na'urar ILS, wadda hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya OACI ta amince da ita a shekarar 1949.

Na'urar kashi biyu ce. Ɗaya tana daidaita jirgi da tsakiyar hanya, kada ya karkata dama ko hagu. Ta biyun kuma tana nuna masa layin gangarowa, wanda galibi digiri 3 ne, wato jirgi yana rage tsayin mita 52 a kowace kilomita.

Ana kafa eriyar gangarowar a gefen hanya, kimanin mita 300 daga bakinta. Tana aika saƙon rediyo iri biyu: mai amon hertz 90 ya fi ƙarfi a saman layin, mai 150 kuma a ƙasansa. Na'urar cikin jirgi tana gwada ƙarfinsu. Idan sun zo daidai, jirgi yana kan layi. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, alama za ta nuna wa matuƙi ya ƙara sama ko ya sauko. Wanda ya bi layin sosai zai tsallake bakin hanya da tsayin kimanin mita 15.

Akwai hatsarin da aka sani: eriyar tana haifar da layukan bogi a sama da na gaskiya, masu tsananin gangara. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su kama layin daga ƙasa.

Na'urar ba ta ɗauke wa matuƙi alhakinsa ba. A rukuni na farko, idan jirgi ya sauko zuwa mita 60 bai ga hanya ko fitilunta ba, wajibi ne ya fasa sauka ya koma sama.

A Nijar, hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da irin waɗannan na'urori a filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai. Makarantarta ta EAMAC, da ke Yamai ɗin, tana horar da masu gyaransu da masu jagorancin jirage.