Miliyan ɗaya (1,000,000)

Miliyan ɗaya lamba ce mai sifili shida, wato dubu sau dubu. A tsohuwar ƙidayar Hausa "zambar dubu" ake ce mata. A zamanin kuɗin wuri kuwa, keso hamsin ke nan, tunda kowane keso wuri 20,000 ne.

A lissafi lambar cika ce, ba mara ba. Ɗari sau ɗari sau ɗari ma ita yake bayarwa. In aka warware ta, 2 da 5 kaɗai ke ciki, kowacce sau shida, shi ya sa lambobi 49 ne ke raba ta ba saura. Daƙiƙa miliyan ɗaya ta ɗan haura kwana 11 da rabi.

A Sudan sai an yi hattara da kalmar. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, dinari ɗaya a fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, ɗaya a dinari 100. Sifili uku sun fita daga takardar kuɗi, amma ba su fita daga bakin mutane ba. A kasuwar Showak da ke jihar Gadarif, mai cewa "miliyan" sau da yawa fam dubu yake nufi. Baƙon da ya zo daga Maradi ko Kano ya nemi a rubuta masa farashin kafin ya ce ya saya.