Gurya a Wuyan Amarya: Adon Zamani da Ƙasar Auduga

A 1967 Gijs Bakker na ƙasar Holan ya ƙera abin wuya da bututun alminiyam irin na murhu. A 1980 kuma Otto Künzli ya ɓoye ƙwallon zinare cikin baƙar roba, ya mai da shi awarwaro. Manufarsu ɗaya: a raba darajar ado da tsadar ƙarfensa. Masu nazari a Turai sun kira wannan tawaye. Sai dai wanda ya ɗauko tawayen ya kawo shi Funtuwa ko Malumfashi zai tarar ba shi da abokin faɗa.

A wannan yankin gwal asusu ne. Sarƙa da ’yan kunnen da aka zubo wa mace a lefe su ne ajiyarta. Ranar da taki ya yi tsada ko asibiti ya kira, su za a ɗora a sikeli. Gaya wa irin wannan mace cewa zinare ruɗi ne rashin sanin halin da take ciki ne.

Ado da abin da ba shi da tsada kuma ba baƙo ba ne a Arewa. Masagan Bida, wato masu aikin gilashi, sun daɗe suna narka kwalabe suna fitar da munduwa da duwatsun wuya. Maƙeran fari sun narka tsofaffin kuɗin azurfa sun yi zobba. Har yaran ƙauye, da an gama girbin dawa, sai ka gan su da tabarau da agogon kara, ba wanda ya koya musu a aji. Abin da babu shi ne sunan mai yi a jikin aikin, da zauren da za a baje shi a yi masa sharhi.

A ganina kayan da ya dace da mai zanen kayan ado na wannan yanki shi ne gurya. Funtuwa ta yi suna da injinan gurzar auduga tun zamanin Turawa, ga masaƙarta, ga manoman da da yawansu suka koma masara da waken suya. Sarƙar gurya da aka jera a zaren gida za ta ɗauki wannan tarihin ba tare da dogon bayani ba, domin duk tsohuwar da ta taɓa kaɗi za ta gane ta.

Wahalar tana wajen aiki. Gurya tana da mai, ƙwari na cinta, laimar damina na ruɓar da ita. Sai an busar, an huda, an shafe ta da abin da zai hana iska shiga. Wannan gwaji ne da ya dace da sashen zane-zanen masana’antu na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da maƙeran farin da har yanzu suke zaune a kasuwannin yankin.