Canki-canka da Lissafin Dabaru: Shin Sai An Auna Son Rai da Lamba?

A lungunan Shahuci, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, yaro kan dunƙule tsakuwa a hannu ɗaya, ya miƙo hannayen biyu, abokinsa ya canka. Wanda ya saba ɓoyewa a dama ba a daɗewa ake gano lagonsa, haka ma wanda ya liƙe wa hagu. Mafitarsa ɗaya ce, ya cakuɗa zaɓinsa rabi da rabi yadda ba wanda zai karanci salonsa. Idan mai canka ya yi hakan shi ma, babu wanda zai ƙaru da sauya hanya. Wannan ce cakuɗaɗɗiyar dabarar da John von Neumann ya kafa wa hujja a 1928, kuma irin wannan matsaya ce John Nash ya tabbatar a 1950 ga wasan mutane da yawa.

Masana sun saba farawa da ɗora wa kowane sakamako lambar da ke nuna amfaninsa, bisa tsarin da von Neumann da Oskar Morgenstern suka shimfiɗa a 1947. Amma lambar ba ita ce tushe ba. Yaron nan bai auna daɗin ci da mudu ba; ya dai fi son ci a kan faɗuwa, da babbar dama a kan ƙarama. Ko an ba ci maki 1 ko maki 100, amsar tana nan a rabi da rabi. A 1975 Wayne Shafer da Hugo Sonnenschein suka nuna cewa ana samun matsaya ko da son mutum bai jeru daki-daki ba, muddin ba ya juyawa farat ɗaya, kuma cakuɗa abubuwan da ya fifita ba ya mayar da shi inda yake.

Mai suka zai ce canki-canka ci ne ko faɗuwa kawai, da zarar canjaras ya shigo dole a san nauyinsa kafin a san yadda za a cakuɗa. Gaskiya ne, amma abin da ake nema shi ne zaɓin ɗan wasa tsakanin canjaras na hannu da kasadar neman ci, kuma wannan a aikace ake ganinsa. Ga shi tun 1953 Maurice Allais ya nuna cewa mutane masu hankali kan yi zaɓin da lambobin ba sa iya ɗauka. Saboda haka zaɓi ne asali, lamba taƙaitawa ce, kuma inda suka saɓa lambar ce ya kamata a ajiye.