Gafara a Bakin Kogin Kurarai

A cikin Littafin Firistoci sura 25 Ubangiji ya umarta a shekara ta 50 a saki bawa, gona kuma ta koma ga mai ita. A wannan jubili tamu ya kamata mu ma mu saki waɗanda muka ɗaure a zuciya. Domin wannan za mu ba ku labarin abin da ya faru a Ikwado, cikin Amurka ta Kudu.

A kurmin ƙasan nan akwai kabilar da ake ce da ita Waorani. Sun sha wuya a hannun baƙi masu neman roba, suna kuwa tsoron kowane baƙo. Tsakaninsu ma ramuwa ba ta ƙarewa: in an kashe uba, ɗa ya ɗauki mashi.

A shekarar 1955 masu bishara 5 na Amurka suka ƙudura su kai musu Maganar Allah, watau Jim Elliot, Nate Saint, Ed McCully, Pete Fleming da Roger Youderian. Makonni suna zura musu kyautai da igiya daga ƙaramin jirgin sama. Ran 3 ga Janairu 1956 suka sauka bisa yashin kogin Kurarai. Ran 6 ga wata Waorani 3 suka ziyarce su, aka rabu lafiya. Amma ɗayansu ya koma ya yi ƙarya, ya ce baƙin sun faɗa musu. Ran Lahadi 8 ga wata aka soke su duka da masu. Suna da bindiga, amma tun fari sun shawarta ba za su kashe kowa don ceton ransu ba.

Mata 5 suka zama gwauraye. Da sun koma gida suna la'anta, wa zai ga laifinsu? Amma Elisabeth, matar Jim, ta zauna a ƙasar. Rachel, yayar Nate, ta ci gaba da koyon harshen Waorani a bakin Dayuma, wata mace da ta gudo daga kurmin. A watan Oktoba 1958 matan nan biyu suka shiga garinsu, tare da Valerie, 'yar Elisabeth mai shekara 3. Suka ci abincinsu, suka kwana kusa da waɗanda suka kashe nasu. Elisabeth ta yi wajen shekara 2. Rachel kuwa a can aka binne ta a 1994.

Kaɗan kaɗan waɗansu suka ba da gaskiya, kashe-kashe suka ragu ƙwarai. A 1965 aka yi wa Steve, ɗan Nate, baftisma cikin kogin nan, a hannun Kimo da Dyuwi, waɗanda suna cikin maharan. A 1992 aka gama Sabon Alkawari da harshensu. Wani maharin kuma, Mincaye, 'ya'yan Steve suka riƙa kiransa kaka. Ya rasu a 2020.

Kada mu ce abin ya zo da sauƙi. Mazan ba su dawo ba, marayu sun yi girma ba uba. Gafara ba ta ce laifi ba laifi ba ne. Abin da ta yi shi ne ta ƙi ɗaukar mashi, ta je ta zauna kusa da mai laifin.

A cikinmu akwai wanda aka kora daga gidan ubansa saboda Kristi, da wanda aka hana gado, da wanda aka raba da matarsa. Mun san zafin nan. Amma Ubangijinmu yana bisa gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanas kuma haka ya yi ana jifansa. Mu ma maƙiyan Allah ne dā, alherinsa ne ya same mu.

Saboda haka kafin bikin nan ya watse, bari kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya cuce shi. Ya yi masa addu'a da sunansa, in da hali kuwa ya taka ya gaishe shi. Allah ya ba mu iko. Amin.