Littattafai Uku a Kan Noma da Karkarar Arewacin Togo

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fataken Hausa masu neman goro a Gwanja kan ratsa ƙasar Kotokoli, su yada zango a Didaure, unguwar Musulmi da ke cikin Sokode a yau. Tun da ayari ba ya tafiya sai da guzuri, tarihin wannan hanya ya ɗauru da na manoman da ke bakinta. Littattafai uku ne ke taimaka wa ɗalibi ya bi wannan sawu.

Na farko ya samo asali daga Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Garin yana Ghana a yau, amma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin Togo ta Jamus. A can ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai da ajami game da noma, sana'o'i da fatauci a ƙasar Hausa. Mischlich ya buga su a Berlin a 1942 da sunan *Über die Kulturen im Mittel-Sudan*, Hausa tare da Jamusanci. A 1973 Douglas Ferguson ya mayar da rubuce-rubucen Imam zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku.

Na biyu shi ne *Sokodé, ville multicentrée du Nord-Togo* na Jean-Claude Barbier da Bernard Klein, na 1995. Ya nuna yadda ƙauyukan manoman Kotokoli, da zangon 'yan kasuwa, da barikin da Jamusawa suka kafa suka haɗu suka zama birni guda.

Daga Sokode sai a nausa arewa zuwa Dapaong, ƙasar Moba da Gurma, inda gero da dawa ne abinci. Littafin Léo de Haan, *La région des Savanes au Togo*, na 1993, ya bi shekara ɗari, daga 1885 zuwa 1985: shigowar gyaɗa da auduga a matsayin amfanin sayarwa, da cin ranin samari zuwa gonakin koko na Ghana, wanda ya rage hannaye a gandun gida.

Biyu na ƙarshe da Faransanci suke, kuma manazarta ne suka yi magana a kan manomi. Na Imam Umaru kaɗai ne ya fito da harshen mai fartanya. Don haka ya cancanci ɗalibin Hausa ya fara da shi, ya gwada kalmomin gona na wancan zamani da waɗanda suka rage a bakin manoma a yau.