Yadda Aka Koyi Auna Hasumiyar Tace Mai

Hasumiyar tace mai ita ce doguwar tukunyar ƙarfen nan da ke tsaye a tsakiyar matata. Ana tura ɗanyen mai da zafinsa ta wajen gindinta, tururi ya hau yana ratsa faranti masu huda da aka jera hawa-hawa, abin da ya huce ya gangaro ƙasa. Fetur na fita ta sama, kananzir da dizal ta tsakiya, mai nauyi ya kwanta a gindi.

Masu dafa barasa a Turai ne suka fara ƙera irinta. A 1813 Cellier-Blumenthal ya yi rajistar hasumiya mai aiki ba tsayawa a Faransa, Aeneas Coffey kuma ya fito da tasa a 1830. Matatun mai na farko a Amurka, bayan rijiyar mai da Drake ya haƙa a 1859, da tukunya kawai suka riƙa aiki: a zuba, a dafa, a kwashe, a sake zubawa.

Shekaru da dama ana ƙera hasumiya bisa ƙiyasi da gogewar maƙeri. Ernest Sorel ya fara sa lissafi a ciki a 1893, amma aikin da ya sauƙaƙa wa injiniyoyi shi ne na McCabe da Thiele a jami'ar MIT a 1925. Da zane guda a kan takarda ake ƙirga faranti nawa ake bukata, har yau kuwa da shi ake fara koya wa ɗalibai. Fenske ya ƙara da lissafin mafi ƙarancin faranti a 1932. Yawan faranti shi ke ba da tsawo, domin akan bar tazarar kusan santimita 60 tsakaninsu, yadda mai gyara zai iya kutsawa.

Faɗi kuwa lissafinsa daban, kuma a nan haɗarin yake. Idan hasumiya ta yi siriri, tururi yakan yi gudu har ya ɗauki ruwan ya mayar sama, faranti su cika, tacewa ta lalace. Idan ta yi faɗi fiye da kima, tururi ya rasa ƙarfi, ruwan ya riƙa zurarewa ta hudojin. Souders da Brown ne suka tsara iyakar gudun tururi a 1934, daga nan ake fitar da faɗin. Bayan haka sai a duba kaurin ƙarfe, matsin ciki, da ƙarfin iskar da za ta buge ta.

Kwamfuta ce ke yin lissafin yanzu, amma tushen bai canza ba. Matatar Zinder, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 aka tsara ta tace a rana. Ta Dangote a Legas ganga 650,000 aka tsara mata, shi ya sa hasumiyarta, wadda kamfanin Sinopec ya ƙera a Sin ta iso ta teku a 2019, ta kai kusan mita 12 a faɗi da sama da mita 110 a tsawo.